Yadda Ake Ƙera Wuƙa Mai Riƙe Kaifi, da Yadda Ake Gabatar da Ita ga Maƙera da Masu Tara Wuƙaƙe

Duk wanda ya zaga rumfunan masu sana'ar hannu na Wadata ko na gidan tarihi na Boubou Hama a nan Yamai zai ga wuƙaƙe masu ɗaukar ido: ƙota mai zoben tagulla, kube na jar fata da koriya, zane a jikin ruwan wuƙa. Wannan duka ido yana gani. Abin da ido ba ya gani shi ne ban ruwa, wato gasa ƙarfe a tsoma shi a mai ko ruwa don ya taurara, kuma shi ne ke raba wuƙar da mahauci zai yi shekaru yana fawa da ita da wadda za ta dakushe tun ba a gama fiɗar rago ɗaya ba. Shi ya sa za mu fi daɗewa a kansa. Misalin da za mu bi shi ne wuƙar yanka da fiɗa mai ruwa santimita 18, wutsiya (ɓangaren da ke shiga ƙota) 11, faɗi 3.5, kaurin baya milimita 4 a gindi yana sirancewa zuwa 2 kusa da tsini.

Zaɓen ƙarfe

Ƙarfe ba ya shan ruwa sai yana da isasshen kabon a cikinsa. Rodin gini da ƙarfen ƙofa kabon ɗinsu kaɗan ne, ko ka tsoma su sau goma ba za su yi taurin wuƙa ba, kada ka ɓata gawayinka. Abin da ya fi dacewa, kuma ana samunsa a kasuwar Katako da wajen masu tsofaffin kayan mota, shi ne resor, wato faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota ta ƙasa. Yawancinsa kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 cikin 100 ne, da ɗan kuromiyam, yana da juriya kuma yana yafe ƙananan kurakurai. Tsohon magagari ya fi shi kabon, kusan kashi 1 cikin 100 ko fiye, kaifinsa ya fi daɗewa amma ya fi saurin karyewa, ya fi kyau ga ƙaramar wuƙa ko aska. Sai dai a kula, wasu magagarai masu araha bayansu kawai aka taurara, cikinsu laushi ne.

Tsohon resor yana da aibu ɗaya babba: ya sha shekaru yana lanƙwasa a kan hanya, sau da yawa akwai ƙananan tsagu da ba a gani sai an goge. Ka guji wanda ya karye da kansa, ka guji kusa da ramin tsakiya da wurin da tsatsa ta ci ta yi rami. Ka goge wurin da za ka yanka har ya yi fari, ka duba da kyau a rana.

Kafin ka sa hannu a wuƙa, ka gwada ƙarfen. Yanki ɗan guntu, ka buga shi ya koma kaurin milimita 3, ka gasa ya yi ja, ka tsoma a mai. Idan ya huce, ka gurza da magagari: in magagarin ya zame bai kama ba, ƙarfen ya sha ruwa. Sai ka matse shi a mamatsi, ka rufe da tsumma saboda ido, ka buge da guduma ya karye. Dubi bakin karayar. In ya yi sumul, launin toka mai laushi, zafin ya yi daidai. In ka ga ƙwayoyi manya suna ƙyalli, wuta ta yi yawa. In kuwa lanƙwashewa ya yi bai karye ba, ka nemi wani ƙarfen. Wannan gwajin minti 15 ne, yana kuma ceton aikin kwana 2.

Ƙarfen da aka shafe da tutiya, irin na bututun ruwa mai fari-fari, kada ya shiga wutarka ko da wasa. Hayaƙinsa guba ne.

Bugu

Kayan aikin sanannu ne: uwar maƙera ko guntun ƙarfen dogo mai nauyi, masaba mai nauyin kilo 1 zuwa 1 da rabi, awartakin da ke riƙe faffaɗan ƙarfe gam, zugazugi ko fanka mai juyawa da hannu, da gawayi mai nauyi. Na ƙirya ne maƙera suka fi so tun da, don yana daɗewa kuma yana ba da zafi. A farfasa shi daidai girman goro. Manyan gutsattsari suna barin iska ta bugi ƙarfe kai tsaye, ta cinye kabon ɗin bayansa.

Yanki ƙarfe mai tsawon santimita 18 da faɗin 2.5 zuwa 3 daga resor mai kaurin milimita 7. Ana bugunsa yana tsakanin launin lemu da rawaya, wajen digiri 900 zuwa 1,100. Da ya koma ja mai duhu, ka mayar da shi wuta. Bugun resor da sanyi yana sa masa tsagun da ba za su fito ba sai ranar ban ruwa. Idan kuma ka ga yana fitar da tartsatsi fari a cikin wuta, wurin ya ƙone, sai dai a yanke a yar. Kuma kada ka tsoma shi a ruwa don ka samu wurin riƙewa, kamar yadda ake yi da ƙarfe mai laushi.

Fara da tsini. Ka bugi kusurwar bakin ƙarfen a karkace tana komawa ciki, ba daga sama kai tsaye ba, in ba haka ba bakin zai buɗe biyu ya naɗe, ya bar tsaga a tsinin. Daga nan ka ja tsawo, ka sirantar da kauri daga gindi zuwa tsini, sannan ka fitar da wutsiya. Inda wutsiya ta haɗu da ruwa, ka bar kwanar a zagaye. Kwana mai kaifi a wannan wuri ita ce ke sa wuƙa ta karye a bakin ƙota.

Lokacin fitar da kaifi akwai abin da ke ba sabon maƙeri mamaki. Duk bugun da ka yi a gefen kaifi yana ƙara wa gefen tsawo, sai wuƙar ta riƙa lanƙwashewa tana komawa baya. Maganinsa shi ne ka fara lanƙwasa ta zuwa wajen kaifi tun kafin ka soma, bugun zai miƙar da ita da kansa. Ka riƙa ƙirga bugu: abin da ka yi wa wannan gefe ka yi wa wancan, a kowane ɗauko daga wuta. Gefen da ya fi shan guduma shi ke jan wuƙa ta karkace a cikin mai. Ka tsaya da bugu kaifin yana da kaurin milimita 2.

Hutar da ƙarfe da gurza

Bugu yana barin ƙarfe a takure, zafin ƙira kuma yana kumbura ƙwayoyinsa. Don haka da ka gama, ka gasa wuƙar gaba ɗaya ta yi ja mai haske, ka fitar ka riƙe a iska har jan ya ɓace ta yi baƙi. Ka maimaita sau 3, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki don ba a ganin amfaninsa nan take, alhali shi ne ke mayar da ƙwayoyin ƙanana, kaifi ya daina gutsurewa. A karo na ƙarshe ka tura ta cikin toka mai ɗumi ta kwana, gobe magagari zai ci ta ba wahala.

Ka cire ɓawon wuta tukuna, don yana kashe haƙoran magagari. Jiƙa wuƙar cikin ruwan tsami na binigar dare ɗaya yana ɓamɓare shi. Sai ka daidaita siffa, ka ja layi a tsakiyar bakin kaifi don gefen biyu su haɗu daidai, ka gurza har kaurin kaifin ya koma milimita 1 zuwa 1.5. Kada ka wuce haka. Kaifin da ya yi siriri tun kafin ban ruwa yana yin lanƙwasa-lanƙwasa ko ya tsage. Ka goge da samfefa lamba 120 sannan 220, kana bin tsawon wuƙar, domin zurfafan sawun magagari da suka gitta kaifi nan ne tsaga ke farawa.

Yanzu ne lokacin huda ramukan ƙusa a wutsiya, 2 ko 3, masu faɗin milimita 4 ko 5. Yanzu ne kuma lokacin buga tambarinka a gindin ruwa. Bayan ban ruwa da wuya a huda ko tambari ya shiga.

Ban ruwa

Kada ka yi wannan aiki da rana tsaka. Hasken ranar Yamai yana ɓoye launin ƙarfe, abin da kake gani ja-ja ne kawai alhali ya riga ya wuce zafin da ake so da nisa. Ka bari sai bayan magariba, ko da asuba, ko cikin rumfa mai duhu.

Ka tanadi man gyaɗa ko wani man girki lita 3 zuwa 4 a cikin gwangwanin ƙarfe mai zurfin da zai haɗiye wuƙar, da murfin ƙarfe a kusa don kashe wuta in man ya kama. Roba ba ta wannan aiki. Ka ɗumama man zuwa wajen digiri 50 ta hanyar tsoma wani jan ƙarfe a ciki. In ka sa yatsa ka ji zafi amma kana iya jurewa ɗan lokaci, ya yi. Mai mai ɗumi ya fi tsinkewa, ya fi saurin ɗauke zafi daidai-wa-daida fiye da mai sanyi mai kauri. Baƙin man mota da aka juye daga inji yana aiki sama-sama, amma hayaƙinsa yana cutar da ƙirji, kuma bai dace da wuƙar da za ta taɓa nama ba.

Maƙera da yawa sun gaji ban ruwa da ruwa zalla, kuma ga gatari ko fartanya mai kauri, a hannun wanda ya saba, yana yi. Ga siririyar wuƙar resor kuwa ruwa ya yi gaggawa. Bayan ƙarfen yana taurara nan take, cikinsa bai bi ba tukuna, sai ka ji ɗan ƙara «ƙas» a cikin ruwan. Wannan wuƙar ta tafi.

Zafin da ake nema ga resor wajen digiri 830 ne. Ba mu da ma'auni a yawancin maƙeru, amma akwai alamu biyu tabbatattu. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a digiri 770, don haka ka rataye maganaɗisun tsohuwar lasifika kusa da wuta, ka riƙa taɓawa. Da ya daina kamawa, saura kaɗan, ba a kai ba tukuna. Gishirin miya kuma yana narkewa a digiri 801: ka barbaɗa ƴan ƙwayoyi a kan ruwan wuƙar, da sun narke sun kwanta, ka ƙara ɗan haske kaɗan a launin, shi ke nan. Ka riƙe ta a wannan launi minti 2 zuwa 3 in za ka iya, ba tare da zafin ya hau ba.

Wahalar ita ce a samu launi ɗaya daga gindi har tsini. Tsini siriri ne, yana riga ko'ina yin zafi. Ka fara gasa gindi da baya, kaifi yana sama, kana kai da kawowa, tsinin yana fita daga tsakiyar wuta. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a binne guntun baƙin bututun ƙarfe mai faɗin santimita 6 ko 7 a cikin gawayi, a bari ya yi ja, a zura wuƙar ciki. Zafin yana zagaye ta daidai, iskar zugazugi ba ta taɓa ta, kuma kana ganin launinta sarai. Ka jefa ɗan gawayi ɗaya cikin bututun, yana cinye iskar da za ta ci kabon.

Daga wuta zuwa mai kada ya wuce daƙiƙa 1 ko 2, don haka gwangwanin ya zama dab da kai. Tsini ne ke fara shiga, a miƙe. Ka motsa ta sama da ƙasa, ko gaba da baya ta fuskar kaifi kamar kana yanka man. Kada ka kaɗa ta gefe da gefe, gefe ɗaya zai riga ɗaya sanyi ta karkace. Kada ka sa fuskarka saman gwangwani, harshen wuta yana tashi.

Bayan daƙiƙa 10 ka fitar ka duba miƙewarta. A wannan ɗan lokaci tana da zafi har yanzu, taurin bai gama kamawa ba, kana da kusan rabin minti ka miƙar da ita da safar hannu mai kauri, ko ka matse ta tsakanin faffaɗan ƙarafa 2 a mamatsi ta huce a haka. Da ta huce kada ka ƙara gwada miƙarwa, za ta karye a hannunka. Ka gurza bakin kaifi da magagari: in ya zame yana ƙara siririya, ta sha. In ya kama kaɗan a sama sannan ya zame, saman ƙarfen ne ya rasa kabon, gurza zai cire. In ya ci sosai, zafin bai kai ba ko ka yi jinkiri. Ka hutar da ita sau 1 ka sake.

Sassauta tauri

Wuƙar da ta fito daga mai tana da tauri fiye da kima, ko faɗuwa ƙasa ta yi tana iya rabewa, wani lokaci ma tana ajiye take tsagewa da kanta. Kada ta kwana a haka. Cikin awa 1 ka wanke man da sabulu, ka goge gefe ɗaya ya yi fari, ka mayar da ita zafi mai sauƙi.

Mai tandar gas ko ta lantarki ya sa ta a digiri 200 na awa 2, ya fitar ta huce, ya sake awa 2. Lambobin jikin tanda ba abin dogaro ba ne sosai, saboda haka a binne wuƙar cikin tiren yashi don zafin ya daidaita, a kuma duba launi. Wanda ba shi da tanda ya ɗora faranti mai kauri cike da yashi a kan garwashi marar ƙarfi, ya kafa bayan wuƙar cikin yashin, kaifi a sama. Launi zai taso daga baya yana tafiya wajen kaifi: fari, rawaya mai haske, ruwan zuma, ruwan ƙasa, shunayya, shuɗi. Abin da ake so a kaifi shi ne rawaya mai komawa ruwan zuma, wajen digiri 220 zuwa 230. Baya da wutsiya in sun yi shuɗi, wajen digiri 300, alheri ne, sun samu juriya. Kaifi ne ba a so ya yi shuɗi. In ya yi, ya yi laushi, sai an koma ban ruwa daga farko. Da launin ya isa kaifi ka ɗauke ka tsoma a mai, ka goge, ka maimaita sau 2 ko 3. A yi shi a hankali. Launin da ya zo cikin minti 20 ya fi wanda ya zo cikin minti 2, domin zafin ya ratsa ciki.

Wasawa da gwaji

Nan ne injin gurza ke lalata aikin mutane. Kaifi siriri yana ƙonewa cikin ƙiftawar ido, da ka ga shuɗi ya bayyana a bakinsa, taurin wurin ya tafi. Ka riƙe wuƙar da hannu ba safa don ka ji zafinta, ka tsoma a ruwa bayan kowane wucewa. Ka rage kaurin kaifi zuwa ƙasa da rabin milimita, ka bi da samfefa 220, 400, 600, kowace lamba sai ta share sawun ta baya. Sannan dutsen wasawa, kana ɗaga bayan wuƙar digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe. Ga wuƙa mai faɗin santimita 3.5, ɗagawar wajen santimita 1 ke nan daga dutse. Ka wasa gefe ɗaya har ka ji ɗan gashin ƙarfe ya juya ta ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, ka juya, sannan ka cire gashin a kan fata.

Aske gashin hannu ba gwaji ba ne, ko gwangwani aka wasa zai aske sau ɗaya. Gwajin gaskiya shi ne bayan aiki. Ka yanka igiya mai kauri sau 30 ko 40, ka sassaƙi busasshen ice, sannan ka gwada takarda. Ka kuma danna gefen kaifin a kan sandar tagulla har ka ga ya ɗan lanƙwasa, ka ja. In ya koma daidai, ka dace. In ya tsaya a lanƙwashe, laushi ya yi yawa. In ya gutsure, ka ƙara zafin sassautawa da digiri 15. In har yanzu yana gutsurewa, ƙwayoyin ƙarfen ne suka yi girma, wuta ta yi yawa tun farko. A yi duk wannan kafin a sa ƙota. Ga wuƙar yanka abin ya wuce batun sana'a, tunda addini ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da dabba, kuma wuƙar da ke dakushewa a tsakiyar yanka ba ta cika wannan ba.

Ƙota da kube

Icen ƙota ya zama mai nauyi kuma busasshe sarai: ƙirya, kanya, aduwa. Wanda aka sare bana bai isa ba. Icen da aka ɗaura da damina yana ɗauke da laima, hunturu na zuwa sai ya tsuke, wutsiya ta fito tana yankar hannu, tsaga ta buɗe a bakin ƙusa. Tsohuwar taɓarya da ta karye ko guntayen da suka daɗe a wurin masassaƙa sun fi sabon ice, kuma ba sai an taɓa itacen da ke tsaye ba. Ƙahon sa yana da kyau da zoben tagulla, amma shi ma sai ya yi watanni a inuwa, in ba haka ba zai murɗe.

Ka fere fuska 2 masu kaurin milimita 8 zuwa 10, ka daidaita cikinsu su kwanta a wutsiya ba rata. Ka gama gyara bakinsu na gaba tun kafin mannawa, don bayan an manna ba za ka iya goge wurin ba sai ka karce ruwan wuƙa. Ka kankare wutsiyar da samfefa mai kaushi, ka share maiƙo, ka shafa gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda ke daɗewa kafin ya kama ya fi na minti 5 ƙarfi. Ka zura ƙusoshin tagulla, ka matse daidai ba har gam ɗin ya tsiyaye duka ba, ka bari awa 24. Wajen tauna kan ƙusa a yi da ƙaramar guduma a hankali, bugu mai ƙarfi yana kumbura ƙusar ta tsaga icen. A ƙarshe a shafa kakin zuma.

Kube aikin dukawa ne, kuma gara a kai musu wuƙar kanta su auna a kanta. Abu 2 za ka roƙa. Na farko fatar da aka jeme da bagaruwa. Na biyu a sa wani siririn yanki na fata tsakanin ɗinki ta gefen kaifi, ko a yi wa kuben ciki na ice, don kada wuƙar ta yanke zaren ta fito ta sami cinyar mai ita.

Kai wuƙa gaban jama'a

Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Maƙerin da ba ya nuna aikinsa ga ƴan'uwansa maƙera kuskurensa ɗaya zai yi ta maimaitawa. A Yamai an yi sa'a, maƙeran Hausawa da na Zabarmawa da na Buzaye suna aiki kusa da juna, kuma na Buzaye, masu takoba da wuƙar damtse, sun yi nisa ƙwarai a aikin tagulla da azurfa da zane. Ka kai musu taka su duba ƙota da zobe. Ban ruwa kuwa mahauci ne alƙalinsa: ka ba wani wuƙa ɗaya ya yi mako yana aiki da ita, ka tambaye shi sau nawa ya koma kan dutse a yini, da inda ƙotar ke cin hannunsa in ta jiƙe da kitse. Makonnin gabanin Babbar Salla ne kasuwar wuƙa ke tashi, saboda haka a gama gwaje-gwajen nan tun da sauran lokaci.

Akwai ladabin da ake kiyayewa. Ana miƙa wuƙa cikin kubenta, ko a ajiye ta a kan tabarma mutum ya ɗauka da kansa. In tsirara ce, ƙota ke fuskantar mai karɓa. Ba a zare wuƙar wani sai an ce, «Malam, in duba?» Ba a gwada kaifinta a kan ice ko ƙarfe ba da izini ba. Ba a taɓa ruwanta da yatsa, in an taɓa a goge, gumin hannu yana barin tabon tsatsa kafin gari ya waye. Idan babba a sana'a ya nuna maka aibu, ka tambaye shi yadda shi yake kauce masa, nan ne karatun yake.

Kowace wuƙa ta tafi da ƴar takarda: sunan maƙeri da garinsa, wata da shekara, irin ƙarfen da inda ya fito, tsawo da kauri, da me aka ba ta ruwa, a wane launi ko digiri aka sassauta, icen ƙota, wanda ya ɗinka kube. Masu tara wuƙaƙe suna daraja wannan takarda ƙwarai, don ita ce ke bambanta aikin mutum sananne da kayan tsibi. A rubuta gaskiya. In resor ne a ce resor ne, kada a laƙaba masa lambar ƙarfen da ba a tabbatar ba. In wuƙar ado ce da ba a ba ta ruwa ba, a faɗa, tana da masu sonta a haka. Abin da ke zubar da mutuncin sana'ar baki ɗaya shi ne a binne sabuwar wuƙa a ƙasa ta yi tsatsa a sayar wa baƙo da sunan ta kaka da kakanni. Hauren giwa kuma a nisance shi. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, ƙashin raƙumi ko na sa da aka dafa aka goge yana ba da farin da ake so.

Hoton da za a tura ta WhatsApp ko Facebook a ɗauke shi a inuwa da safe, a kan baƙin ƙyalle ko fata marar ado, ba da fitilar waya ba. Hoto 4 sun isa: gefen dama, gefen hagu, daga sama don a ga miƙewar baya da sirancewarsa, da na kusa inda ƙota ta haɗu da ruwa. A ajiye abin awo a gefe. Masana wannan na ukun da na huɗun suke fara buɗewa.

Wajen sa kuɗi ka haɗa ƙarfe, gawayi, mai, samfefa, gam, tagulla da ladan baduku, ka ƙara kwanakin aikinka bisa abin da ƙwararren ma'aikaci ke samu a yini, ka kuma tuna da waɗanda suka fashe a mai, su ma wuƙaƙen da suka tsira ne ke biyansu. Musaya tsakanin maƙera, wuƙa da wuƙa, a yi ta a fili: kowa ya faɗi aibun tasa kafin a tafa.

In za a aika wani gari, a shafa wa ruwan basilin ko kakin zuma, a naɗe da takarda, a rufe tsini da kwali mai kauri, a sa kuben daban cikin kwali ɗaya. Mai hawa jirgin sama ya sa ta a kayan da ake aunawa, ba jakar hannu ba, ya kuma binciki dokar ƙasar da za shi, don wasu suna hana shigo da wuƙa mai kaifi biyu. Ka gaya wa mai saye cewa wannan ƙarfe yana tsatsa: ya wanke ya share nan take bayan aiki, kada ya bar ta cikin kube tsawon damina domin fata tana riƙe laima, kuma launin toka-toka da za ta yi bayan ta yanka nama da albasa ba lalacewa ba ne, kariya ce, kada ya kankare shi. Jar tsatsa ce ake cirewa, da samfefa lamba 600 da ɗigon mai.